Motar da Ba Ta Ɗaukar Rawani

Da En'e ta sallame ni daga aikin koyarwa, ta haɗa ni da takardar yabo da kuɗin sallama, na dawo gida Illela da niyyar sayen mota. Ba don fariya ba, ko da yake in aka ce in rantse a kan haka zan nemi a ba ni lokaci in yi tunani. Gwiwoyina sun daina shiri da likkafa, gonar da na gada tana Lafani, ga shi kuma na ƙare ƙuruciyata ana aikena: tafi gari kaza ka buɗe aji, dawo gari kaza ka riƙe wa wane. Abin da nake so shi ne in mallaki abu guda wanda zai je inda na ce, ba tare da an nemi izinin kowa ba.

Zamanin nan Turawa ba su daɗe da zama ba, mota kuwa in ta ratsa gari mata sukan ajiye taɓarya su leƙo ta kan danga. Tuƙi ba shi ne damuwata ba. Na koya a hannun wani Baturen makaranta da na yi wa tafinta a rangadi, mutum mai son barci a hanya, wanda ya gano cewa koya mini tuƙi ya fi masa sauƙi a kan ya zauna ido biyu. Damuwata ita ce wana.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma furfurar da ta cika mini gemu ba ta sauya komai ba. Falke ne, yana kai goro da tufafi tsallaken iyaka, ya dawo da gishiri da dabino. Dogon mutum ne, kuma tun ranar da ya fara naɗa rawani babu wanda ya sake ganin tsakiyar kansa. In zai shiga rana ma sai ya ɗora malafa a bisa. A gidanmu, kamar kowane gida mai tarbiyya, in babba ya dubi abin hannunka ya yaba, kai kuma sai ka ce, "Ai naka ne." Kowa ya san ladabi ne kawai. Kowa, ban da Yaya. Shi sai ya ce, "Allah shi yi albarka," ya miƙo hannu. Bai taɓa ƙwace mini komai ba, wannan shaida zan ba shi ko a gaban alƙali. Aro yake yi. Ta haka agogon bango da aka ba ni kyauta a makaranta ya koma zaurensa, fitilata mai ƙwai ta bi shi, daga baya wani doki bidi ya je ya same su. Ƙane kuwa ba ya tsayawa a ƙofar wansa ya ce a fito masa da kayansa. In na yi kewar agogona, nakan je gaisuwa in dubi lokaci.

Saboda haka ban yi masa maganar mota ba. Dillali kaɗai na gaya wa, wanda daga baya na gane daidai yake da in sa a yi shela ranar kasuwa.

Dillalin nan na dawaki ne da raƙuma, amma a ganinsa duk abin da ke da ƙafa huɗu ya shiga sana'arsa, ko da ƙafafun na roba ne. Bai daɗe ba ya zo mini da labarin motoci biyu. Ta farko ta wani Baturen kamfani ce mai sayen fatu, wanda zai koma ƙasarsu: babba, mai kujera gaba da baya, da rufin tamfol da ake naɗewa in ana son shan iska. Ta biyu tana Konni, tsallaken iyaka, wajen wani likitan Faransi: ƙarama, baƙa, mai rufin ƙarfe, sitiyarinta a hagu.

"Wagga ta biyu," in ji shi, "na faɗe ta ne don kada gobe ka ce na ɓoye maka. Amma Malam, ba ta mutum irinka ba ce. Kunkuru ne anka sa wa taya."

Nan na fara jin wani abu. Na san dillalai. Mai haja biyu yakan yabi duka biyun, ya zuba wa idonka ido, sai ya ga inda ya karkata sannan ya bi shi da kirari. Wannan kuwa ya riga ni zaɓa. Na ce a raina, ko dai Baturen ya yi masa alkawarin la'ada mai nauyi, ko kuma babbar tana da ciwon da ake son a rabu da shi kafin ya bayyana.

Na je duba ta kamar yadda sufeto yakan zo mana makaranta, ba sanarwa. Da sassafe na isa, domin na san masu sayar da gurgun doki sukan ɗan zaga da shi ƙafar ta saki kafin mai saye ya zo. Na ɗora tafin hannu a kan inji, na ji shi da sanyi. Na durƙusa, da gwiwoyin da suka ƙi likkafa, na leƙa ƙarƙashi ko zan ga ɗigon mai. Babu. Sai dai na lura an share wurin, tsintsiya ta bar zane a rairayi, na ce to, me aka share? Na sa aka tura ta gaba, muka zauna muna kallon sabon wurin kamar masu jiran kaza ta yi ƙwai. Bai ɗiga ba. Na buɗe lagireto na shinshina, don na taɓa jin ana toshe yoyo da garin kuka. Ƙamshin miya bai fito ba. Aka murɗa ƙarfen tayarwa, ta tashi tun a juyin farko, tana gurnani a hankali kamar mai ƙoshi.

Baturen yana tsaye a ƙofar kantinsa da lofe a baki, yana kallona. Ya tambayi dillali ko ni makaniki ne. Dillali ya ce a'a, malamin makaranta ne. Baturen ya gyaɗa kai kamar wanda aka warware wa matsala.

Ban sami aibi ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Na daɗe ina duba aikin yara. Takardar da ta zo babu kuskure, ba yabo nake fara yi ba, duba wanda ya zauna kusa da mai ita nake yi.

Da na koma gida ina ta juya zancen, maiɗakina tana tankaɗe tana saurare. Can ta ce, "Malam, kai ko ruwan randa sai ka tambaye shi rijiyar da ya fito. Amma ka tsaya tuhumar ƙarfe, ka bar mai rai."

"Wane mai rai?"

Ta nuna mini wani masaki da haɓa. Dabino ne cike, mai laushi, irin wanda Yaya ke ware wa manyan baƙinsa, ga cinyar rago a gefe.

"Daga gidan Yaya. Ba salla ba, ba suna ba."

Kafin in gama tauna dabino na farko aka ce yana nemana.

Na same shi a zaure, a kan buzunsa, agogona yana ta aikinsa a bango bisa kansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'ar da ban saba gani ba. Wannan mutum ne wanda ya taɓa kirana gaban dangi saboda na sayi littattafai, ya ce in takarda nake so in zo ya ba ni ta naɗe sabulu kyauta.

"Auta, an ce mota kake nema."

"Tunani ne kawai, Yaya."

"Tunanin mi? Ka yi wa Nasara bauta har gwiwa ta mutu, yanzu ka sayi abin hutawa sai ka tsaya tunani? Saye za ka yi. Kuma babbar. Gidanmu ba a san shi da ƙaramin abu ba."

"Ka gan ta ne, Yaya?"

"Ina zan gan ta? Labari anka ba ni." Ya gyara zama. "An ce kujerar baya ta fi katifa laushi. An ce kuma in an naɗe tamfol ɗin, mutum shina zaune, duk wanda ke bakin hanya shina ganin shi."

Mai tuƙi a gaba yake zama. Ban ce haka ba, na dai ajiye shi a raina.

Da zan fita ban bi hanyar da na shigo ba, na zaga ta gefen zaure. Sai ga magina sun fasa katanga, sun buɗe wata ƙofa mai faɗi, ana ɗora azara a kan sabuwar rumfa. Na dawo na leƙa zaure.

"Yaya, aiki ake yi ashe."

"Rumfar raƙuma ce," ya ce, bai ko ɗago ba.

Na sake fita na dube ta. Raƙumin da zai shiga rumfar nan sai dai ya shiga da rarrafe. Ga doki kuwa ta yi faɗi. Na san abu ɗaya tak a ƙasar nan mai wannan tsawo da wannan faɗi, kuma da safen nan na shinshina lagiretonsa.

Kwana na yi ina neman mafita irin ta mutunci. In na fasa saye, ya ci ni ba tare da ya motsa daga buzunsa ba. In na sayi babbar, dole in kai masa ita ya sa albarka, domin sabon abu ba ya kwana a gidan ƙane kafin babba ya gan shi. Zai yaba, zan faɗi abin da aka koya mini tun ina tsumman goyo, shi kuma zai miƙo hannu. Daga nan in ina son zuwa Lafani sai in je in roƙi aron motata. Tunanin in yi shiru in ya yaba ma ya zo mini, amma shirun nan za a yi ta maganarsa a garin har bayan raina.

Na ce wa dillali mu je Konni mu ga kunkurun, don in sauke nauyi. Ya bi ni yana gunaguni.

Likitan gajeren mutum ne mai jan fuska. Hausarsa a bakin majinyata ya koye ta, saboda haka duk abin da zai bayyana sai ya bi ta hanyar ciwo. Ya kai mu bayan asibiti inda motar take, bai jira tambaya ba ya fara jero aibobinta. In ta shiga rairayi mai zurfi ƙafarta tana sanyi. Da rana cikinta zazzaɓi ne. In wani abu ya karye, maganinsa sai an aiko daga bakin teku. Ina saurare ina ƙara tsarguwa. Mai sayarwa da ya faɗa maka aibi uku da bakinsa, yana so ne ka gaji kafin ka kai ga na huɗu. Na zaga ta, na ƙwanƙwasa, na leƙa, ina neman abin da ya ɓoye.

Ya ce bari ya tayar mini in ji. Ya buɗe ƙofa, ya lanƙwashe kamar mai ruku'u, duk da gajartarsa, ya tura kai ciki. Hular kwanonsa ta daki bakin ƙofar ta faɗi tana birgima a ƙasa. Ya ɗauko, ya kaɗe, ya shiga da kai a buɗe, ya ɗora ta a cinya.

"Wannan ma," ya ce ta taga. "Ba ta son hula."

Na tsaya ina kallon ƙofar nan. Na tuna shekarar da Yaya ya sa aka rushe ƙofar zaurensa aka ɗaga ta, don kada ya riƙa sunkuyawa a gaban barorinsa duk lokacin da zai shiga gidansa. Babba ba ya rusunawa a gaban ƙanensa, kuma mai rawani irinsa ba ya tuɓe shi a bakin titi don ya shiga cikin gwangwani. Na auna ƙofar da jikina. A ƙirji ta tsaya mini, ni da ban kai kafaɗar Yaya ba.

"Ita nake so," na ce.

Dillali ya ja ni gefe da hannun riga. "Malam, mi ka gani ga wagga? Ka ji da kunnenka, mai ita ma ya ce ba ta da lafiya."

"Na ga abin da nake nema."

"Kai kanka da rawani ba ka shiga."

"Na bar aiki, hula ta ishe ni. Ita ma in ta ƙi, cinya tana nan."

"Mutane za su yi dariya."

"Na koyar da yara, dariya ba baƙuwata ba ce. Amma tsaya in tambaye ka, Sarkin Dillalai. Maganar babbar nan, wa ya fara yi maka ita, ni ko Yaya?"

Ya zaro carbi daga aljihu ya shiga dubansa kamar yau ya fara ganinsa. "Ni kowa nawa ne, Malam."

"Na lura."

Aka yi ciniki, likita ya sallama. A iyaka ma'aikatan ɓangaren biyu suka dube ni da irin idon da na dubi babbar mota, ban kuwa ji haushi ba, na ga sun san aikinsu. An gargaɗe ni cewa a ƙasar Faransi dama ake bi, a ta Ingilishi hagu, kada in manta in sauya in na tsallaka. Na riƙe gargaɗin sosai, sai na tarar hanyar duka sawu ɗaya ce a cikin rairayi, da mu da jakuna. Dillali yana gefena a dunƙule, gwiwoyinsa a haɓa, gumi yana bin gemunsa har muka shigo gari.

Bayan la'asar na kai ta ƙofar gidan Yaya. Unguwa ta riga ta taru. Ya fito a hankali cikin babbar riga, rawani ya sha naɗi, malafa a bisa, kamar wanda ya shirya wa tafiya. Ya tsaya. Ya dubi motar, ya dubi bayanta, ko wata tana tafe.

"Ita ce wagga?"

"Ita ce, Yaya."

"Ina sauranta?"

Aka yi dariya, ni ma na taya. Ya zaga ta sau ɗaya, hannuwansa a baya. Har na fara sa rai ba zai yaba ba. Amma Yaya ba ya barin hakkinsa a ƙasa.

"To, ba laifi. Ta yi kyau."

"Ai taka ce, Yaya," na ce, na buɗe masa ƙofa da kaina, na riƙe.

Ya matso. Ya dubi ƙofar, ya dubi rufin, ya dubi jama'a, ya dube ni tsaye ina riƙe da marfi. Ya ɗan karkata kaɗan, bakin malafarsa ya taɓa ƙarfe, sai ya miƙe. Ya ƙwanƙwasa rufin da yatsa.

"Wanga ana naɗe shi?"

"Ƙarfe ne, Yaya. A haɗe yake da jikinta."

"Su Faransi ba su da manya ne a ƙasarsu?"

"Suna da su. Naɗi ne ba sa yi."

Ya yi mini irin kallon da yakan yi mini ina yaro in ya tarar da ni kusa da tukunyar zuma da hannu a bushe. Sannan ya mayar da hannuwansa baya.

"Karatun ga naka bai tahi banza ba, Auta. Allah shi tsare hanya."

Na ce amin, jama'a suka ce amin. Na tuɓe hula, na shiga, na ja abata zuwa gida ina jin kamar an rage mini shekaru.

Maiɗakina ta tambaye ni abin da ya ce.

"Ya sa albarka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To," ta ce, ta ci gaba da abin da take yi. Na san wannan "to" ɗin, amma ran nan ban so in ji shi ba.

Washegari da hantsi na sa gorar ruwa da tabarma a mota zan tafi Lafani. Ina murɗa ƙarfen tayarwa na ji sallama. Yaya ne, da ƙafarsa, a ƙofar gidana, abin da bai yi ba tun ranar sunan ɗana na fari. A hannunsa akwai ƙunshin goro a ganye.

"Auta, na yi tunani. Ni ba ta ɗaukata, kai kau tana ɗaukarka. Ka kai wanga ƙunshi Konni, wajen mai masaukina, ka ce mashi ina son in ji labarin gishirin nan."

"Lafani za ni, Yaya."

"Gona tana nan inda ka bar ta. Ka kai, ka jira amsa."

Ya zura ƙunshin ta taga ya ajiye a kujera, ba tare da ya sunkuya ba, ya juya ya tafi.

Na tsaya da ƙarfe a hannu. Duk dabarata ta ƙare a kan aro, ban tuna da aike ba. Ƙane ba ya ƙin aiken wansa, ko da jikoki na kiransa kaka. Da ya ari babbar, sai ya nemi direba, ya ciyar da shi, ya sayi fetur, ya ji da gyara. Yanzu ya sami mota da direba da fetur, ko rumfa bai ɓata ba. Har yau ina zargin ya ga wannan hanya tun yana tsaye yana ƙwanƙwasa rufin, wataƙila ma tun kafin haka, amma ban sami shaidar da zan kafa ba, dillali kuwa duk lokacin da na ɗauko zancen sai ya tuna bai yi salla ba.

Motar dai tawa ce. A ƙofata take kwana, babu wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta sai ni. Na san ramukan hanyar Konni ɗaya bayan ɗaya, na san inda rairayi ke kama ƙafa a hanyar Araba, masu sayar da fura a Amarawa kuma suna kirana ɗan aiken falke, har da waɗanda na koya wa 'ya'yansu karatu.

Lafani sai da damina ta yi nisa na je, ranar da Yaya ya aike ni wajen wani mai auduga a can. A hanyar dawowa na tsaya a bakin gonata. Gero ya yi kyau, ya fi ƙarfin noman da bai samu ba. Na leƙa ta taga na dube shi sosai, ban kashe inji ba, don ana jiran amsa a gida.